Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Binciken Fadamun Hadeja da Nguru

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina furofesoshi da daktoci, da ɗalibanku da ke binciken ruwa da ƙasa da kifi da tsuntsayen fadamun Hadeja da Nguru, da ma'aikatan ƙungiyoyin kare muhalli da ke ɗaukar nauyin aikin, ina gaishe ku da ƙoƙari. Allah ya ƙara basira. Masu girma 'yan majalisarmu na Jigawa da Yobe, ku ma ku matso kusa, ranku ya daɗe, domin wani kaso na maganar taku ce.

Ni tsohon malamin firamare ne, ɗan masunta, haifaffen wani ƙauye da ke bakin ruwan Marma. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli kafin na ajiye. Babu wanda ya naɗa ni wakilin kowa. Sai dai a majalisar da muke zama bayan la'asar akwai masunci, akwai manomin shinkafa, akwai mai lambun tattasai, akwai Bafulatanin da ke sauko da shanu da rani, kuma matan da ke saƙar kaba sun aiko da nasu saƙon ta bakin uwargidana. Su ne suka ce, "Malam, kai da ka iya alƙalami, rubuta musu." To, ga shi na rubuto.

Abin da ya tayar da maganar shi ne taron ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu ta duniya, wadda ake tunawa da yarjejeniyar kare fadamu da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Wani ɗana ne ya nuna mini hotunan a wayarsa: babban ɗakin otal, manyan riguna, ruwan roba a kan kowane tebur, jawabi da Turanci tun daga buɗewa har addu'ar tashi. A jikin allon da ke bayan mai jawabi, sai ga hoton mashigar ruwanmu da ciyawar kachala ta toshe. Na gane wurin sarai, har da itacen giyayyar da ke gefe. Na ƙura ido cikin mahalarta ko zan ga masunci ɗaya, ban gani ba. A wannan makon kuwa, samarin garinmu suna cikin ruwan nan har ƙirji, cikin sanyin hunturu, kowa da laujensa, suna yankan ciyawar da ake nuna hotonta.

Ba ƙin taro nake yi ba. Kukanmu shi ne ilimin da ake ɗiba a wurinmu ba ya dawowa gida.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Shekaru da dama ni ne tafintan baƙi a ƙauyenmu. Duk motar da ta tsaya a ƙofar bulama da mutane masu takardu, ni ake aika yaro ya kira. Buhu nawa ka noma bara? Kwandon kifi nawa kake kamawa a mako? Awaki nawa gare ka? A ina matanka ke samo itace? Na fassara waɗannan tambayoyi har na haddace su kamar karatun allo. Wata rana muna zaune a zauren wani dattijo, ɗalibai uku suna ta cike takarda, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, dakata. Tambaye su, wanda ya zo bara ya tambaye ni buhu nawa na noma, ina ya kai amsar?" Na fassara musu kamar yadda ya faɗa. Suka yi dariya, suka ce Baba akwai barkwanci, suka wuce tambaya ta gaba. Shi kuwa ba wasa yake yi ba.

Kada ku ɗauka wannan rashin kyautawa ce kawai. Aikinku yake ɓatawa. Mutumin da aka tambaya sau goma bai taɓa jin sakamako ba, a na sha ɗaya abin da ya ga dama zai faɗa. Idan ya zaci tallafi ne ke tafe, buhu ashirin ya koma biyar. Idan ya zaci haraji ne, shanun ma ba nasa ba ne, kiwo aka ba shi. Ni da nake fassarawa na san gaskiyar lissafin, amma ba zan ƙaryata dattijo a zaurensa ba. Haka alƙaluman ke shiga kwamfuta, a yi musu ado, a sami digiri da su.

Kuka na biyu ya fi wannan nauyi, shi zan fi daɗewa a kai.

Kun fi ni sanin tarihin ruwan nan. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ƙara da na Challawa a 1992. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke gangarowa kogin Hadeja. Kafin su, a shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ambaliyar damina kan shimfiɗu a kan kadada 250,000 zuwa 300,000 a shekara mai kyau. Da dam ya haɗu da fari irin na 1973 da 1984, sai ta koma tsakanin 70,000 da 100,000. Mu ba da kadada muka san wannan ba. Mun san shi da gonakin shinkafar kakanninmu da suka zama fako, da tafkunan da sunansu kawai ya rage.

A farkon shekarun 1990, wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka zauna suka yi wani lissafi da ya kamata a ce kowane ɗan majalisa a Arewa ya san shi. Suka ce: a ɗauki ruwa kubik mita dubu, wato kimanin duro 5,000. Idan aka bar shi ya malala a fadama, me yake haifarwa na noma da kifi da itacen wuta? Idan kuma aka tare shi aka zuba a babban aikin noman rani na kogin Kano, me yake haifarwa bayan an cire ɗawainiya? Amsar da suka samu ita ce, a fadama ribarsa tana tsakanin dala 9 da 15, a can kuwa ba ta kai santi 5 ba (santi 100 ne dala ɗaya). Ba su ma sa kiwo da kaba da kanwa a lissafin ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka ƙara da cewa idan aka aiwatar da duk ayyukan tare ruwa da aka tsara, abin da noman rani zai samar ba zai rufe ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da fadama za ta yi ba. Shawarar masanan ruwa a lokacin ba ta da wuyar fahimta: a riƙa sakin ruwa mai yawa daga dam a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, ya kwaikwayi ambaliyar da Allah ya saba kawowa.

Wannan lissafi ya zaga duniya. Ana koyar da shi a jami'o'in Turai da Amurka a matsayin misalin yadda ake auna darajar fadama. Ni kuwa da aka haifa a cikin fadamar, sai da na yi furfura na ji labarinsa, shi ma daga bakin wani tsohon ɗalibina da ya ci karo da shi a karatunsa na jami'a. Na taɓa samun zama da wani ɗan majalisa daga yankinmu a wajen ɗaurin aure, na kawo masa zancen. Mutumin kirki ne, ya saurare ni da kyau. Da na gama sai ya ce, "Malam, wallahi yau na fara ji. A ina aka rubuta?" Na rasa takardar da zan miƙa masa. Wadda ke akwai da Turancin masana take, cike da jadawali, kuma sai an biya kuɗi a intanet kafin a buɗe ta.

Ku duba abin da hakan ke jawowa. Duk lokacin da aka tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne reshen da ya rage yana kawo mana ambaliya ba tare da shamaki ba, sai muhawarar ta koma 'yan Bauchi na so, 'yan Yobe da Borno ba sa so. Kowa ya ja zuwa jiharsa. Masu goyon baya suna da abin faɗa a bakin lasifika: kadada kaza za a noma, matasa kaza za su sami aiki. Namu wakilan kuwa sai dai su ce "mutanenmu za su wahala". Wanda ya zo da lamba kullum yana kayar da wanda ya zo da kuka, alhali lambar tamu tana nan a ajiye a ɗakin karatu shekara talatin.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba mu ce a rushe dam ba. Birnin Kano da ruwan nan yake sha, kuma manoman Kura da Kadawa da Auyo 'yan'uwanmu ne, tumatirinsu muke miya da shi. Na kuma san lissafin Barbier na wancan zamani ne, farashi ya canja, noman ma ya canja. Shi ya sa muke cewa ku sabunta shi, ku faɗe shi a fili. Idan sabon lissafi ya nuna ba mu da gaskiya, a gaya mana, za mu ji. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ci gaba da raba ruwa a cikin duhu.

A 2006 gwamnonin jihohi shida, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun haɗu a Damaturu sun amince da tsarin kula da wannan kogi, har aka kafa asusu dominsa. Abin a yaba ne. Amma gwamnoni nawa aka yi tun daga lokacin? 'Yan majalisa zubi nawa? Kowane sabon zubi yana shigowa ne bai san an taɓa yin wannan zama ba, kuma babu wanda ya ɗauki nauyin sanar da shi. Ku masana kuna ganin kun riga kun faɗa. Wanda kuka faɗa wa ya daɗe da barin kujera.

Sai maganar kachala, wadda ita ce ciwon da muke kwana da shi muke tashi da shi.

Tambayi mutanenmu daga ina kachala ta zo, ka sha labari. Wani zai ce tsuntsaye ne suka kawo irinta daga wata ƙasa. Wani zai ce Turawa ne suka shuka don tsuntsayensu su sami wurin kwana. Wani ya ce fushin Allah ne. Ku kuwa kun san amsar tun tuni. A da, ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya share hanyarsa, da rani kuma mashigai su bushe ƙaƙas, shanu su tattake, duk ciyawar da ke son ruwa ta mutu. Yanzu dam yana rage ƙarfin na damina, yana kuma tsiyayo da ruwa kaɗan-kaɗan duk rani saboda masu noman rani. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa: abin da kachala ke nema ke nan. Ta tsiro, ta tare laka, laka ta cike hanya, ruwa ya nemi wata. Shi ya sa ya karkata zuwa Marma yana cinye gonaki da gidaje ta wajen Nguru, yayin da mutanen mashigar Burum Gana da tsohon kogin Hadeja suke kallon sama suna jiran abin da ba zai iso ba. Gari biyu, ɗaya ruwa ya kore shi, ɗaya ƙishi ya kore shi, kuma ciwon ɗaya ne.

Wannan bayanin da na yi yanzu bai fi minti biyu ba. Me ya hana a yi shi a rediyo?

Akwai wanda ya fi wannan ban takaici. Shekaru muka yi muna yankan kachala a saman ruwa, muna banka mata wuta da rani, bayan 'yan makonni ta dawo kore shar kamar an zuba mata taki. Sai daga baya wani ma'aikacin gona, yana shirin hawa babur ɗinsa, ya ce da mu a tsaitsaye, "Ai da a ƙarƙashin ruwa kuke yankewa." Ya ce ganyenta kamar bututu ne, ta nan saiwar ke shaƙar iska. Idan aka yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar sai ta shaƙe, musamman in an maimaita yankan. Muka gwada, muka ga bambanci. Da muka bincika, ashe sanannen abu ne a wurin masana tun da daɗewa. Ku lissafa mini guminmu na shekarun da suka wuce kafin wannan jimla ɗaya ta iso mu.

Haka maganar tsargiya. Har gobe akwai uwayen da ke ɗauka fitsarin jini a yaro alamar girma ce, ko zafin rana. Ku kun san ƙwayar cutar a jikin ƙananan katantanwa take rayuwa, su kuma katantanwar a cikin kachala suke samun mafaka, tare da sauro, tare da tsuntsun jan baki da ke kwana a ciki ya wayi gari a gonar shinkafa da gero. Mun kuma ji cewa a Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da kachala, kuma a nan gida ma an gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki. To ina sakamakon? Ta yi ko ba ta yi ba? Ko "mun gwada, ba ta biya ba" aka ce da mu, ilimi ne.

Kuka na uku, harshen da kuke yi mana magana da shi, ko da kun juya shi zuwa Hausa.

Idan kuka ce "kare muhalli", abin da masunci ke ji shi ne "hana shiga". Ba laifinsa ba ne. Abin da ya sani game da gandun daji shi ne mai kaki, da tara, da ƙwace gatari. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona ta ƙasar Bade don ganin tsuntsaye. Aka yi shara, aka yi kiɗa. Abin da ya zauna a zukatan mutane daga wannan ziyara shi ne: agwagwar Bature ta fi talaka daraja. Tun daga nan kambuna suke ta zuwa. Tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin manyan fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya a 2008, UNESCO ta sa yankin Hadeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take ji da su a 2020. Shiga kasuwar kifi ta Hadeja ko ta Gashuwa ka tambayi mutum goma me waɗannan ke nufi ga tukunyarsa. In ka sami ɗaya, ka yi sa'a.

Ina koyarwa a aji biyar wani yaro ya zo mini da ɗan zoben ƙarfe a tafin hannunsa. Babansa ne ya cire daga ƙafar wata ƙaramar agwagwa da ta faɗa tarunsa. Gida ya rikice: wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce na leƙen asiri ne, kakar yaron ta ce kada a ci naman. Na juya zoben a hasken taga, ga lambobi, ga sunan wani gari na Turai. Na ajiye darasin lissafi, na zana taswira a allo, na nuna musu teku, na nuna musu Sahara, na ce wannan 'yar tsuntsuwa duk ta ƙetare su da fikafikanta don ta yi hunturu a bayan garinku. Ajin ya yi tsit. Wani ya ce, "Malam, to me ta gani a wurinmu?" Ban taɓa samun darasin da ya shiga kamar na ranar ba, kuma babu manhajar da ta tanade shi.

Amsar tambayar yaron ita ce duk abin da ya kamata ku riƙa faɗa: abin da ta gani shi ne abin da babansa ya gani. Ruwa marar zurfi mai abinci. Inda dinya da kirinjijiya suka yi yawa, nan karfasa da tarwaɗa suke. Ranar da tsuntsu ya daina zuwa, masunci ma ya fara ɗaure kayansa. Kuna ƙirga tsuntsaye duk watan Janairu, muna ganinku da madubin hangen nesa. Ku gaya mana abin da ƙirgar ta nuna, ku haɗa ta da kwalin bandar kifi, za ku ga masu sauraro. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, iyayenmu sun san kukanta a fadamar nan. Jikokina a hoto suka san ta. Wannan labari ne da zai taɓa zuciyar kowane dattijo, amma ban taɓa jin an ba da shi da Hausa ba.

Kuma ba sabon abu kuka kawo mana ba, ku yi haƙuri da wannan. Sarkin ruwa ya san rufe tafki har sai ranar su tun kafin a gina jami'a. Da haka bikin kamun kifi na Bade a Gogaram yake samun kifi, da haka Matan Fada ta Argungu take samu. Liman ya san hadisin da ya hana ɓarnar ruwa ko da mutum a bakin kogi mai gudu yake alwala. Da ta wannan ƙofa kuka shigo, da tuni kun isa tsakar gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mu ma muna da namu laifin. Muna kafa dumba mu tare hanyar kifi gaba ɗaya. Akwai masu jan gidan sauro a ruwa su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Akwai masu zuba guba a tafki. Goruba muna sare ta, alhali da kabarta matanmu ke aurar da 'ya'ya. Ba ma musu. Amma mutum ya fi barin abu idan ya ga lissafin asararsa da idonsa. Masunci ya san karfasa a baki take renon 'ya'yanta, ya san bargi sheƙa yake yi a cikin ciyawar ambaliya. Abin da bai sani ba shi ne kwando nawa na baɗi yake hallakawa da jan gidan sauro ɗaya na bana. Wannan lambar a hannunku take.

Ku leƙa maƙwabta ku ga abin da magana mai shiga kunne ke yi. A Maraɗi, wajen 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa duk shekara itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Ba a kawo irin waje ba, ba a kafa gandu ba. An ce da manomi: zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran, ka bar su su tashi, itacen naka ne. Aka raɗa wa tsarin suna sassaben zamani, ya bi gona-gona daga Maraɗi har Damagaram. Sai bayan shekara ashirin masana suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka tarar an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da sauransu. Hausawa ne irinmu, da fartanya irin tamu.

To ga abin da muke roƙo.

Duk wanda ya zo ya yi bincike a garuruwanmu, ya dawo ya faɗi abin da ya gano a gaban waɗanda ya tambaya, a ƙofar bulama ko dagaci, kafin a ba shi digirinsa. Muna roƙon jami'o'in da ke kewaye da mu, ta Gashuwa da ta Dutse da ta Kafin Hausa da ta Damaturu da Bayero ta Kano, su mayar da wannan sharaɗi. Masu ba da kuɗin bincike kuma su ware kason dawowa tun a kasafi, kamar yadda suke ware na man mota.

Kowane rahoto ya fito da shafi ɗaya na Hausa, a kuma karanta shi da Kanuri da Bade da Fulatanci. A yi shi da boko da ajami. A auna da buhu da duro da kwando da naira. Kada a ba wanda ya iya Hausar ofis kawai ya fassara. A karanta wa masunci da mai saƙar kaba tukuna, in ba su gane ba a sake. A naɗe shi da murya a tura ta WhatsApp, domin wanda bai iya karatu ba ma yana da waya, a kuma nemi fili na dindindin a gidajen rediyon Hadeja da Dutse da Damaturu da Kano, wanda za a buɗe layi mu bugo mu yi tambaya, mu kuma yi gyara inda kuka kuskure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku sabunta lissafin darajar ruwan nan, ku sa kiwo da kaba da rijiyoyin da ambaliya ke cikawa ta ƙarƙashin ƙasa. Sannan ku ɗauke shi da ƙafarku ku kai majalisun Dutse da Damaturu da Kano da Bauchi, shafi biyu kacal, duk lokacin da aka rantsar da sabon zubi, da kuma kafin a zauna kan kasafin kuɗi. Na san wasunku na ganin shiga ofishin ɗan siyasa zubar da girma ne. Ɗan kwangila ba ya ganin haka, kullum yana can.

Ku kuma masu girma 'yan majalisa, ku kira su. Kuna da ikon gayyatar kowa gaban kwamiti. Ku tambaye su da Hausa, ku ce su amsa da Hausa, a sa a rediyo. Ku nemi a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa tun kafin shuka, yadda ake sanar da ganin wata, don mai shinkafa ya san inda zai zuba irinsa, mai gida a bakin ruwa ya san ranar da zai kwashe yaransa.

Taron 2 ga Fabrairu mai zuwa kuma, a yi shi a bakin ruwa. Muna da inuwa, muna da tabarmi, kwalekwale ma za mu tanada mu kai ku har inda aka ɗauki hoton nan. Dattijon da ya yi tambaya a zaure Allah ya yi masa rasuwa, amma babban ɗansa ne ke riƙe da gonar, rabinta yanzu kachala ce. Ya ce in gaya muku yana nan, in akwai wanda ya zo da amsar.

Allah ya sa mu ji alheri. Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, a madadin majalisar bayan la'asar,
daga bakin ruwan Marma.